Wankin ƙoda ko ɗakin haihuwa: wa ƙasa za ta fara ɗauke wa kuɗin magani?

A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayyar Najeriya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda a wasu manyan asibitocinta daga naira 50,000 zuwa naira 12,000. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san nauyin wannan labari. Likitoci kan so a yi wankin sau uku a mako. A tsohon farashi, naira 150,000 ke nan duk mako, kusan miliyan 8 a shekara, ban da allurai da gwaje-gwaje da kuɗin mota. Shi ya sa ake sayar da gona, a bi da shanu, a kai ga gidan da ake ciki, sau da yawa kuma a yi jana'iza a dawo a tarar da bashi yana jira. Mutanen Gashuwa da Nguru da Haɗeja, inda ciwon ya daɗe yana ɗibar jama'a, ba sa buƙatar a yi musu wannan lissafin.

Sai dai naira 38,000 da aka ɗauke wa majinyaci a kowane wanki ba iska ta tafi da ita ba, wani asusun ne zai cike giɓin. In aka yi wa mutum ɗaya wanki uku a mako har shekara, tallafinsa ya kusa naira miliyan 6. Kuɗin nan kuwa ya isa a yi wa dubban yara maganin zazzaɓin cizon sauro. Tambayar da take biyo baya ba ta da daɗin ji, kuma tarbiyyarmu ma ba ta so a furta ta, don mun tashi a kan cewa rai ba shi da farashi: idan kuɗin da ke hannu ba zai ishi kowa ba, wa za a fara yi wa?

Babu ƙasar da ta tsira daga wannan tambaya. Ingila, da ake buga misali da asibitocinta na kyauta tun 1948, ta kafa hukuma ta musamman a 1999 mai suna NICE, wadda cikin aikinta har da cewa "wannan maganin yana aiki, amma tsadarsa ta wuce amfaninsa, gwamnati ba za ta saya ba". Bambancin da ke tsakanin ƙasashe shi ne inda ake yanke hukuncin. Wasu suna yanke shi a rubuce, a bainar jama'a, a faɗi dalili. Wasu kuma sai su yi shelar cewa komai kyauta ne, su bar hukuncin ya yanke kansa a bakin ƙofar asibiti: babu gado, maganin ya ƙare je ka kemis, kawo safar hannu da auduga, a nemo jini leda biyu, likita bai shigo ba. Wannan ma zaɓe ne, sai dai aljihu da sanayya ne alƙalansa. A Najeriya, fiye da kashi 70 cikin ɗari na duk kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa kai tsaye.

Masana tattalin arzikin lafiya suna da mudun da suke awo da shi. Sukan tambayi abu biyu game da kowane magani ko aiki: nawa zai ci, kuma shekara nawa ta rayuwa cikin ƙoshin lafiya zai ƙara wa mutum. Shekarar da aka yi ana kwance ba a lissafa ta daidai da wadda aka yi ana noma. Da wannan mudu ake iya jera abubuwan da ba su yi kama da juna ba, kamar allurar rigakafin ƙyanda da tiyatar zuciya, a ga wanne ne naira ɗaya ta fi yin nisa a kansa. NICE ta shafe shekaru da dama tana aiki da iyakar fam 20,000 zuwa 30,000 a kan kowace shekarar lafiya guda. A ƙasashe irin namu, abubuwan da kan fito a saman jerin sanannu ne: rigakafin yara, gidan sauro, ruwan gishiri da suga ga mai gudawa, maganin tarin fuka, haihuwa a hannun ƙwararriyar ungozoma. Wankin ƙoda na har abada yana can ƙasa.

Amma mudu kaɗai ya taɓa ba da kunya. A jihar Oregon ta Amurka, majalisa ta daina biyan kuɗin dashen gaɓoɓi ga talakawan da ke ƙarƙashin shirin gwamnati na biya musu kuɗin magani, Medicaid, a 1987, don a karkatar da kuɗin ga kula da masu ciki da ƙananan yara. Kafin shekarar ta ƙare wani yaro ɗan shekara bakwai mai sankarar jini ya rasu ana tsakar haɗa masa kuɗin dashen ɓargo, jihar ta ɗauki zafi. Shugaban majalisar dattawan jihar, John Kitzhaber, wanda likita ne, ya tsaya a kan cewa tunda zaɓe ya zama dole, to a yi shi a fili. Aka kafa kwamiti ya jera cututtuka da magungunansu daga na farko zuwa na ƙarshe. Jerin farko da aka fitar a 1990 da lissafi zalla ya ɗora wani ƙaramin gyaran haƙori a sama da tiyatar afendis da ta cikin da ya zauna a wajen mahaifa, alhali waɗannan biyun suna kisa in aka yi jinkiri. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Aka janye jerin, aka sake shi da la'akari da abin da jama'a suka faɗa a tarurrukan gari, aka fitar da mai layi 709 a 1991, shirin ya fara aiki a 1994. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne ƙa'idar da suka ɗaure 'yan siyasa da ita: majalisa ba ta da ikon ɗaga wata cuta sama don wani mai faɗa a ji ya roƙa. Nata shi ne ta ce ga kuɗin da za ta bayar, a ja layi inda kuɗin ya tsaya.

Saboda irin wannan ne wani kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawara a 2014 cewa a riƙa ɗora kowane aiki a kan sikeli uku. Na farko shi ne wanda muka ambata, yawan lafiyar da kuɗin zai saya. Na biyu, a ba waɗanda suka fi kowa shan wuya fifiko, wato matalauta da mazauna lungu da waɗanda cuta ke yanke wa rayuwa tun suna ƙanana. Na uku, a duba ko rashin ɗaukar nauyin aikin zai jefa gida cikin talauci. Matsalar ita ce sikelin nan uku ba kullum suke nuna waje ɗaya ba. Farasitamol yana da araha kuma yana aiki, amma babu wanda ya taɓa sayar da gona saboda shi. Wankin ƙoda ya faɗi a sikeli na farko, ya zo na uku ya rinjayi kusan komai.

Ƙasar da ta fi kowa nuna yadda ake kokawa da wannan saɓani, a ganina, ita ce Tailan. A 2001 gwamnatin Thaksin Shinawatra ta fara shirin da aka fi sani da "bat 30", wato ɗan abin da majinyaci kan biya da kuɗin ƙasar, bat, in ya je asibiti, a 2002 kuma aka yi masa doka ya game ƙasar. Shirin ya ɗauki kusan kashi uku cikin huɗu na al'ummar ƙasar, manoma da 'yan tireda da duk wanda ba ma'aikacin gwamnati ko na kamfani ba, kuma daga harajin ƙasa ake biyan kuɗinsa. Tun daga farko suka faɗa a fili cewa wankin ƙoda ba ya ciki, don asusun ba zai iya ba.

Shekara shida ana haka. A cikinsu masu bincike suka bi gidajen masu ciwon suka rubuta abin da ke faruwa: rage yawan wanki don a ja kuɗi, cire yara daga makaranta, bashin da ruwa ke cinyewa, mutuwa. Ga kuma wani rashin adalci da ke tsone ido, domin inshorar ma'aikatan gwamnati da ta ma'aikatan kamfanoni suna biyan wankin, manomi ne kawai aka bari. Ƙungiyar masu ciwon ƙoda ta matsa lamba. Da aka yi lissafi, sakamakon bai ɓoye komai ba: ko wanne irin wanki aka ɗauka, tsadarsa ta haura iyakar da ƙasar ke ganin ta dace. Duk da haka gwamnati ta amince a ƙarshen 2007, aka fara a watan Janairun 2008. Sun san sikeli na farko bai goyi bayansu ba, suka ce na biyu da na uku sun isa hujja, suka kuma faɗi hakan.

Hikimar tana cikin sharaɗin da suka gindaya. Wankin ƙoda iri biyu ne. Akwai na inji, wanda ake janye jini a tace a mayar, sai an je asibiti an kwanta awa huɗu. Akwai kuma na gida, wanda ake dasa wa mutum siririn bututu a ciki, ya riƙa zuba wani ruwa na musamman yana fitarwa kamar sau huɗu a rana, fatar da ke lulluɓe da hanji ta yi aikin tacewa. Tailan ta ce na gida za ta fara biya. Wanda likita ya tabbatar na gida ba zai yi masa ba, a biya masa na inji. Wanda kuma ya zaɓi inji don ra'ayinsa, ya biya da kansa. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san ƙauye: injuna da likitocin ƙoda a birane suke, manomin da ke nesa ba zai iya zuwa sau uku a mako ba ko da wankin kyauta ne. Suka horar da nas-nas, suka riƙa sayen ruwan wankin a dunƙule don karya farashi, gidan waya na ƙasar kuma ya riƙa kai wa mutane katan-katan har ƙofar gida. A 2007 ɗin ne kuma aka kafa cibiyar HITAP, wadda aikinta shi ne auna duk sabon magani ko aiki da ake son sakawa cikin shirin, kuma ba likitoci da jami'ai kaɗai ke da damar kawo buƙata ba, har da ƙungiyoyin majinyata da na farar hula.

Labarin bai ƙare da tafi ba. Majinyata da yawa sun fi son inji, wasu likitoci da masu cibiyoyin wanki na kuɗi su ma haka. A watan Fabrairun 2022 aka sassauta sharaɗin, aka ce kowa ya zaɓi wanda yake so, asusu zai biya. Nan da nan masu zuwa inji suka ƙaru sosai, kuɗin da ƙoda kaɗai ke lashewa daga asusun ya yi tsalle, alƙaluman mace-mace kuma suka tayar da hankalin masu bibiya. Aka kafa kwamitin bincike, daga baya hukumar ta koma ga fifita wankin gida. Wato ko ƙasar da ta ƙware a awo, da zarar ta saki mudu don faranta rai, sai ta ji a jikinta. Amma da yake komai a rubuce yake kuma ana tattara alƙaluma, cikin 'yan shekaru suka gano kuskuren.

Gana ta bi wata hanyar. Dokar inshorar lafiya ta 2003, zamanin Shugaba John Kufuor, ta zo ne don kashe tsarin "biya kafin a duba ka" da ya addabi mutane. Aka ɗora harajin kashi 2.5 cikin ɗari a kan kayan saye don ciyar da asusun, aka ce kunshin ya ƙunshi kashi 95 cikin ɗari na cututtukan da ke damun 'yan ƙasar, a 2008 kuma aka ƙara haihuwa kyauta. An ware wasu abubuwa a waje, ciki har da wankin ƙoda na dindindin da dashen gaɓoɓi da yawancin nau'o'in sankara. Ba ƙaramin alheri shirin ya yi ba, kuma 'yan zango a Kumasi da Akara shaida ne. Illarsa ita ce an yanka riga ta fi ƙarfin yadi. Asusun ya riƙa yin watanni bai biya asibitoci ba, su kuma suka riƙa karɓar "ciko" daga masu kati ko su tura su sayen magani a waje. Sai ga shi a 2023 ƙarin kuɗin wankin ƙoda a asibitin koyarwa na Korle Bu ya tayar da ƙura, a 2024, shekarar zaɓe, aka fara saka wankin cikin abin da asusun ke biya.

Nijar kuwa ta zaɓi kunshi ɗan ƙarami mai ma'ana a zamanin Tandja Mamadu: tiyatar haihuwa, awon ciki, tsarin iyali, da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta daga 2006. Ko wane sikeli aka ɗauko, zaɓen ya yi daidai, kuma iyaye sun yi tururuwar kai yara likita. Abin da ya raunana shi jinkirin biya ne: asibiti ya yi aiki, ya aika takardun neman kuɗinsa, a shafe watanni ko fiye, kantar magani ta bushe. Uwa ta zo da yaro, a duba shi kyauta, a miƙa mata takardar sayen magani.

Idan muka dawo Najeriya, dokoki ba su yi ƙaranci ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun BHCPF, wanda aka ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, rabinsa don biyan wani ƙaramin kunshin magani ga jama'a, kashi 45 ga asibitocin matakin farko, kashi 5 ga agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara saka masa kuɗi, naira biliyan 55. In ka raba wannan ga mutum kusan miliyan 200, kowa bai kai naira 300 ba a shekara. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar NHIA da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu da aka ce zai ɗauki mutum miliyan 83. Alƙawarin Abuja na 2001, na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Da kuɗi irin wannan, duk jerin da ya yi tsawo romon baka ne.

To me ya kamata ya zo farko? A nan ba na ɓoye ra'ayina. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, haka ma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro. Abin da ke kashe matan nan sananne ne, zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda, maganinsu kuma ba tsada gare shi ba. Wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, ya nuna a 2023 cewa wata ledar auna jini da ake shimfiɗa wa mai jego, haɗe da ba ta magungunan tsayar da jini gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya, ta rage munanan sakamakon zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara duk wata a damina shi ma haka yake, ɗan kuɗi, rai mai yawa. Waɗannan sun ci sikeli na farko da na biyu, tiyatar haihuwa kuma ta haɗa har da na uku, don ita ma tana sa a sayar da akuya da keken ɗinki cikin dare ɗaya. Sanarwar da Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya yi a watan Nuwamban 2024 ta tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi ta faɗa inda ya dace, in dai akwai jini a ma'ajiya da wuta a ɗakin tiyata da motar da za ta kawo matar daga ƙauye.

Sai awon hawan jini da ciwon suga da magungunansu a asibitin unguwa. Su ne manyan ƙofofin da ake bi a kai ga injin wanki, kuma ƙwayoyinsu na wata guda ba su kai kuɗin wanki ɗaya ba. Ƙasar da ke tallafa wa wanki amma ba a samun na'urar awon jini mai aiki a ɗakin shan magani na ƙauye, tana kwasar ruwa ne a tsakar ɗaki ba ta hau rufi ba.

Wannan bai sa na ce a bar masu ciwon ƙoda su mutu ba. Hujjar da ta rinjayi Tailan tana nan a Gashuwa, har ta fi ƙarfi. Abin da nake tambaya shi ne ta wace hanya aka bi aka yanke hukuncin, da me aka gwada shi, me aka jinkirta dominsa, wa aka tuntuɓa. Cutar da masu ita ke da murya ta fi saurin shiga jeri. Mai ciwon ƙoda yana yin watanni yana jinya, ana ɗaukar hotonsa, ana buɗe masa asusun taimako a Facebook, ɗan majalisa yana iya zuwa dubiya. Matar da jini ya ɓalle mata a wani ƙauye da tsakar dare, kafin asuba an gama, ba ta da ƙungiya. In babu ƙa'idar da aka rubuta, kasafi mai kuka yake bi.

Kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta taɓa fuskantar irin wannan a 1997. Wani mai ciwon ƙoda a Durban ya kai ƙara bayan asibitin gwamnati ya ƙi saka shi a jerin masu wanki, saboda injunan ba su da yawa kuma ana fifita waɗanda za a iya yi wa dashe. Kotu ta ce tsarin mulki ya ba shi haƙƙin samun kulawa, amma gwargwadon abin da ƙasa ke da shi, kuma tunda ƙa'idar asibitin mai hankali ce kuma an yi aiki da ita ba son kai, ba za ta rusa ta ba. Mutumin ya rasu ba da jimawa ba. Hukuncin ya yi ɗaci, amma aƙalla an gaya masa dalili, ya kuma sami inda zai ƙalubalance shi. Takwaransa na Damaturu ko Gusau, sai dai a ce masa injin ya lalace.

Ko a sabon farashin ma, wanki uku a mako a kan naira 12,000 ya kama naira 144,000 a wata, ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ma'aikacin da ke zaune kusa da babban asibitin tarayya zai ɗan numfasa. Manomin da ke bakin kogin Yobe zai lissafa kuɗin mota zuwa Azare ko Maiduguri, da na wanda zai raka shi, da ranakun gona uku da za su tafi duk mako, sa'an nan ya yanke shawarar ko zai fara.